Yadda Ake Haɗa Takardar Ranar Wasa, a Kuma Sayar da Ita Har Ta Riƙe Kanta

Ranar da muka fara fitar da takardar ranar wasa ta ƙungiyar unguwarmu a Gusau, kwafi ɗari kacal muka buga. Ina tsaye a bakin ƙofar fili bayan sallar La'asar, sai wani dattijo mai sayar da goro ya miƙo hannu ya ce, "Yaro, wagga takarda nawa ta?" Na faɗa masa. Ya buɗe tsakiya, ya ɗora yatsa a kan jerin sunaye yana bi a hankali, har ya tsaya a lamba 6. Sunan ɗansa ne. Ya ɗago kai ya ce, "Ba ni ukku. Guda tawa, guda ta uwatai, guda ta kawunai can Ƙaura." Tun daga wannan yammacin na gane abin da nake sayarwa. Sakamakon wasa kowa zai ji a waya. Abin da mutum zai zaro kuɗi ya biya shi ne ya ga sunan nasa a rubuce, daidai, cikin abin da zai naɗe ya kai gida.

Takardar ranar wasa, wadda wasu ke kira furogiram, ƙaramar mujalla ce da ake fitarwa duk ranar da ƙungiya za ta yi wasan gida. A Ingila ta samo asali tun ƙarni na 19, a matsayin warƙa ɗaya mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da wuraren da za su tsaya. Ko a can ta fara ja da baya, don a 2018 ƙungiyoyin gasannin da ke ƙasa da Firimiya sun kaɗa ƙuri'a suka cire dokar da ta tilasta buga ta a kowane wasa. A wajenmu kuwa abin sabo ne, kuma ƙananan ƙungiyoyi sun fi manya buƙatarta, domin babu jaridar da za ta rubuta labarin yaran Tudun Wada ko Birnin Ruwa idan ba mu muka rubuta ba. Na yi kakannin wasa da dama ina wannan aiki. Ga yadda ake yi.

Kayan aiki

Waya mai kyamara mai kyau, wadda aka saka wa allon rubutu na Hausa. Gboard yana da shi, kuma da shi za ka samu ɓ da ɗ da ƙ.

Kwamfuta mai CorelDraw ko Microsoft Word. Idan babu, Canva a waya ta wadatar. Idan ita ma ta gagara, ka rubuta komai da hannu ka kai shagon kwamfuta, amma ka zauna kusa da mai bugawa har ya gama.

Farar takarda A4. Rim ɗaya warƙa 500 ne. Ka nemi mai nauyin giram 80, domin mai 70 rubutun baya yana leƙowa ta gaba.

Sitefila mai dogon hannu, wadda za ta kai tsakiyar takarda. Idan ba ka samu ba, akwai dabara, zan faɗe ta a ƙasa.

Littafin lissafi mai layi, da littafin rasit, da biro, da robar ɗaure kuɗi, da manyan ledoji masu kauri, da ƙananan kuɗi na canji.

Mutum huɗu: mai rubutu, mai hoto, mai neman talla, da ma'aji. Mutum ɗaya zai iya haɗa rubutu da hoto. Amma mai neman talla kada ya zama shi ne ma'aji, ko da kuwa uwarku ɗaya ubanku ɗaya.

Jarin da zai buga fitowa biyu ko ba a sayar da ko ɗaya ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu karo-karo muka yi a taron magoya baya, aka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar.

1. Nemi izini kafin ka taɓa kwamfuta

Ka je wajen shugaban ƙungiya da sakatare da koci, ka zauna da su, ka nuna musu samfuri ko da zane ne da biro. Abu uku za ku yanke: wa ke da takardar, ina ribar za ta tafi, kuma wa zai duba ta kafin a buga. A rubuta, a sa hannu. Mu mun yanke cewa ta magoya baya ce, ribar kuma ta ruwan sha da magani da kuɗin motar wasan waje.

Idan gasar tana ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ko wasan a babban fili za a yi irin filin Sardauna, sai ka sanar da masu shirya gasa da masu kula da fili cewa za ku yi ciniki a ƙofa. Kuskuren da masu farawa suka fi yi ke nan: su buga, su zo da kaya, masu tsaron ƙofa su hana su tsayawa.

2. Yanke girmanta, ka koyi jeren shafuka

Ka fara da shafi takwas. Warƙa biyu ce ta A4, a buga gaba da baya, a naɗe biyu. Ke nan rim ɗaya zai ba ka kwafi 250. Duk takardar da ake naɗewa a ɗinke a tsakiya, shafukanta huɗu-huɗu suke tafiya: 4, 8, 12, 16. Babu shida, babu goma. Idan jari ya yi kaɗan, ka yi warƙa ɗaya mai shafi huɗu, ba abin kunya ba ne.

Jeren shi ke rikita mutane. A warƙar waje, fuska ta farko shafi na 8 ne a hagu, na 1 a dama. Bayanta, na 2 a hagu, na 7 a dama. A warƙar ciki, fuska ta farko na 6 a hagu, na 3 a dama. Bayanta, na 4 a hagu, na 5 a dama. Hanyar tunawa: duk shafi biyu da ke zaune tare, idan ka tara lambobinsu za su ba ka tara. Kafin ka yarda da kanka, ɗauki warƙa biyu marasa rubutu ka naɗe, ka rubuta 1 zuwa 8 da biro, ka warware ka gani da idonka. Har yau nakan yi haka duk sa'ad da muka canza mai bugawa.

3. Abin da za ka zuba a ciki

Nan ne ciniki yake tashi ko ya faɗi, don haka bari in daɗe.

Shafin farko: hoto ɗaya babba, sunan ƙungiyoyin biyu, rana, fili, lokaci, lambar fitowa da farashi. Hoton ya zama na fuska, wanda za a gane mutum daga nesa. Kada ka maimaita ɗan gaba mai cin ƙwallo kowane mako. Ka zagaya: yau mai tsaron gida, wani makon ɗan baya, wani makon mai wanke rigunan wasa. Kowace sabuwar fuska sabon dangi ne da sabuwar majalisa da za su zo saye.

Shafi na biyu: maganar koci. Kada ka ce ya rubuta, ba zai samu lokaci ba. Ka tare shi bayan atisaye ka naɗi muryarsa na minti uku, ka mayar rubutu, ka karanta masa ta waya ya amince. Ka bar maganarsa yadda ya faɗe ta, da irin Hausarsa. Mutane sun san bakin kocinsu, idan ka goge shi ka mayar da shi kamar sanarwar ofis, babu mai karantawa.

Shafi na uku: yadda wasan baya ya kasance, musamman idan na waje ne da yawancin mutane ba su je ba. Wa ya ci, a minti na nawa, wa ya ba shi, wa ya samu kati. Idan an ci ku, ka rubuta an ci ku.

Tsakiya, shafi na huɗu da na biyar, shi ne zuciyar takardar: jerin 'yan wasa, naku a hagu, baƙi a dama. Sha ɗayan farko ba a sanin su sai dab da wasa, saboda haka kada ka yi hasashe. Ka jera duk wanda aka yi wa rajista, da lambar rigarsa, ka sa ƙaramin akwati a gaban kowane suna don mai kallo ya yi maki da biro idan an sanar. A ƙasa ka bar layukan rubuta wanda ya ci da wanda aka canza. Kowane ɗan wasa a rubuta sunansa na yanka da na mahaifinsa, sannan laƙabin da 'yan kallo suka san shi da shi. Kuma shi da kansa za ka tambaya yadda ake rubutawa. Sau ɗaya na dogara da abin da wani ya faɗa mini, na haɗa wa wani yaro sunan mahaifin da ba nasa ba. Yayansa ya same ni har gida da takardar a hannu, ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Na ba da haƙuri, muka buga gyara a fitowa ta gaba, amma gidan nan sun yi wata biyu ba su saya ba. Jerin baƙi kuwa, ka kira sakatarensu tun farkon mako. Idan bai turo ba, ka bar layuka fanko da lambobi, kada ka ƙirƙira.

Shafi na shida: teburin gasa da wasannin da suka rage, sai wani ɗan fili da nake ganin ya fi kowane daraja, wato hira da tsohon ɗan wasa. Gusau cike take da mutanen da suka taka leda ko suka cika filin Sardauna a zamanin da Zamfara United take babbar gasar ƙasa, lokacin da irin su Kano Pillars da Enyimba ke zuwa har gida. Wasunsu yanzu suna kasuwa, wasu suna koyarwa, wasu suna tuƙi. Ka je ka gaishe su, ka ce, "Baba, labarin zamaninku muka zo nema." Za su fito maka da tsofaffin hotuna daga cikin akwati. Ka ɗauki hoton hoton a wurin, ka mayar wa mai shi abinsa nan take. Wannan fili shi ya jawo mana dattawan da a da ba su ko kallon inda muke.

Wani makon, a madadin hirar, ka bayyana doka ɗaya cikin Hausa mai sauƙi. Satar gida, misali, da cewa babu ita a jifa ko kwana ko bugun gola. Ko canjin 'yan wasa biyar da aka tabbatar a dokokin ƙwallo a 2022. Ko dokar 2025 da ta ce idan mai tsaron gida ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, a ba abokan hamayya kwana. Rabin zagin da ake yi wa alƙalin wasa a filayenmu rashin sanin doka ne.

Shafi na bakwai na magoya baya ne: gaisuwa, taya murnar aure ko suna, godiya ga waɗanda suka ba da gudummawa, hoton majalisar mako, da kacici-kacici ɗaya. Irin wannan: a shekarar da aka ƙirƙiri jihar Zamfara, 1996, wace gagarumar nasara Najeriya ta samu a ƙwallo? Amsar, zinaren gasar Olamfik a Atlanta ta Amurka, sai a fitowa ta gaba. Ko: Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sai kuma waɗanne shekaru uku a jere? Wanda ya san 2012 da 2013 da 2014 ne zai so ya ga sunansa cikin waɗanda suka ci.

Shafi na takwas na babban mai talla ne.

Abu uku kada su shiga. Na farko, ayar Alƙur'ani ko hadisi. Niyyar mai kyau ce, amma wannan takarda wani zai zauna a kanta, wani zai yar a fili, wata za ta ƙare a wajen mai ƙosai. Na biyu, zagin baƙi ko alƙalin wasa, ko da cikin barkwanci. Gasannin ƙasar nan suna cin tarar ƙungiya, suna kwashe mata maki, suna kuma mayar da wasanninta wani gari saboda rikicin magoya baya, kada takardarka ta zama ashana. Na uku, hoton yaro ƙarami ko na mace ba tare da izininsu ko na iyaye ba.

4. Talla: ita za ta biya kuɗin bugu

Ƙa'idata ita ce, kafin injin ya fara juyawa, kuɗin talla ya riga ya biya bugun. Abin da aka sayar a ƙofa shi ne riba. Duk wanda ya jira cinikin ƙofa ya biya maɗaba'a, ruwan sama ɗaya zai rufe shi.

Kada ka fara da manyan kamfanoni, za ka ƙare takalminka a ofisoshi. Ka fara da waɗanda suke zuwa kallo da ma: mai shagon kayan wasanni, mai gyaran waya, tela, mai POS, mai gidan kallo, mai gidan burodi, mai ruwan leda, makarantar kuɗi ta unguwa, mai sayar da kayan babur. Ka je da samfurin takardar a hannu, ka nuna wa mutum ainihin akwatin da sunansa zai zauna. Ka ce, "Alhaji, nan ne wurinka, wasa biyar a jere, kuma mai sanarwa zai ambaci shagonka a hutun rabin lokaci." Sayar da wasa biyar a dunƙule da ɗan rangwame ya fi bin mutum kowane mako. A karɓi kuɗi kafin bugu, a ba da rasit. Tallar bashi ba ta dawowa. Idan takarda ta fito, kai da kanka za ka kai wa kowane mai talla kwafinsa har shago.

Tallar kamfanonin caca kada ka karɓa komai yawan kuɗin. Zamfara jihar Shari'a ce tun 2000, kuma ko ba don hukuma ba, uban da ya ga wannan a hannun ɗansa ba zai sake bari a saya ba. Haka ma dabarar nan ta saka wa kowane kwafi lamba a yi ƙuri'a mai sa'a ya ci kyauta. Wasu za su ba ka shawarar don tana jawo ciniki, amma mutanenmu caca suke kallonta, kuma suna da hujja.

'Yan siyasa za su zo, musamman idan zaɓe ya matso. Wanda ya ba ƙungiya gudummawa a gode masa da layi ɗaya a shafi na bakwai kamar kowa. Amma hotonsa da tambarin jam'iyya a bango, a'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma rabin masu sayenka 'yan ɗaya ɓangaren ne.

5. Lissafi da farashi

Farashin takarda da tawada yana motsi, saboda haka ka tambayi shago uku a makon da za ka buga. Ga misali don ka ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kwafi 200 za ka buga, kowane ya tsaya maka naira 150, jimla 30,000. Shafin baya ka sayar 10,000, rabin shafi biyu 5,000 kowane, ƙananan akwatuna goma 1,000 kowane. Bugu ya biya kansa. Ka sayar da kwafi naira 200, mai sayarwa yana da 30 a kowane. Idan 170 suka tafi, an samu 34,000, a cire ladan masu sayarwa 5,100, saura 28,900.

Farashin ya zama kuɗi guda da mutum zai zaro ya miƙa: 100, ko 200, ko 500. Idan ka sa 150 ko 250, rabin lokacinka a neman canji zai ƙare, mai saye kuma yana jin ihu daga cikin fili ba zai tsaya ba. Kuma kada farashin ya kai kuɗin shiga fili.

Fitowar farko ka buga ɗari. Ƙarewa da wuri talla ce, mutane za su ce wancan makon ban samu ba. Ragowa mai yawa kuwa tana kashe gwiwar kowa.

6. Tsarawa da gyara

Idan wasan Lahadi ne, ga yadda muke raba mako. Litinin a tattara sakamako da tebur da hotuna. Talata a yi hira da rubutu. Laraba a rufe karɓar talla da gaisuwa, ko wane ne ya zo bayan nan sai wani mako. Alhamis a tsara a gyara. Juma'a da safe a kai bugu. Asabar a naɗe a fara rabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya bar bugu sai safiyar wasa, ranar ce wuta za ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi.

Babbar matsala ita ce haruffa masu lanƙwasa. Salon rubutu da yawa masu ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai ka ga sun koma akwati ko alamar tambaya a kwamfutar mai bugawa. Ka zaɓi salon da ke da su, irin Arial ko Times New Roman, ka mayar da aikin PDF kafin ka tura, ka kuma buɗe shi a kwamfutar shagon ka duba da idonka. Kada ka ce a cire lanƙwasar don sauƙi. Ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki.

Rubutu kada ya yi ƙanƙanta. Dattawa na cikin masu saye, kuma hasken yamma ne. Hoton da za a buga baƙi da fari a ƙara masa haske, in ba haka ba fuskar ta zama dunƙulen baƙi. Hoto kuma a turo shi ta WhatsApp a matsayin fayil, don idan aka tura yadda aka saba yana rage kyau.

Mutum biyu su karanta kafin bugu, ɗaya da babbar murya, ɗaya yana bin jerin rajista da yatsa. Wanda ya rubuta ba ya ganin kuskurensa.

7. Bugu da ɗinki

Ƙasa da kwafi ɗari biyu ko uku, fotokwafi mai kyau ya wadatar: a fitar da na asali a firinta, a kwafa gaba da baya. Idan kun haura haka, ku je maɗaba'a, don a can yawan kwafi yana sauko da farashin kowane. Idan kuna son kala, ku yi wa warƙar waje kawai.

Kada ka bari a saki injin sai an fitar da kwafi ɗaya ka naɗe ka karanta daga 1 zuwa 8. Sau da yawa bayan yakan fito a kife.

Naɗewa aikin safiyar Asabar ne, a tara matasa biyar a shimfiɗa tabarma. A goge naɗin da bayan cokali don ya kwanta. Idan babu sitefila mai dogon hannu, ka buɗe ƙaramar ta miƙe, ka kifa takardar a kan guntun soso ko kwali mai kauri, ka danna a kan layin naɗi, ka juya ka lanƙwashe ƙafafun da bakin cokali. Biyu sun isa. A ɗaure ashirin-ashirin da roba, a saka a leda, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina.

8. Ka sayar da rabi kafin ranar wasa

Wannan shi ne matakin da ya ninka mana ciniki, kuma shi ne ainihin aikin magoya baya. A taron farkon kaka muka buɗe rajista: duk mai son ƙungiya ya biya kuɗin takardun wasannin gida gaba ɗaya, a rubuta sunansa a shafi na bakwai, a riƙa kai masa tasa ranar Asabar. 'Yan unguwa da ke zaune a Kaduna ko Abuja ko Legas suna turo nasu ta banki, mu ajiye musu kwafi, mu tura musu PDF. Amma PDF ɗin sai bayan an tashi wasa. Idan ka sake shi kafin nan, cikin minti goma ya zagaye duk wayoyin gari, babu mai sayen takarda. Abin da za ka saka a Facebook da WhatsApp ranar Juma'a shi ne hoton bango kawai, da ɗanɗanon abin da ke ciki.

Ranar Asabar da yamma gidajen kallo cike suke da masu kallon Firimiya. Ka roƙi mai gida minti ɗaya a hutun rabin lokaci, ka tashi ka ce gobe akwai wasan gida, ga takarda. Ka bar goma a wajen mai shayin da 'yan ƙwallo ke zama, goma a shagon aski, goma a inda masu Keke Napep ke taruwa, kowa da ladansa, kowa a rubuce.

Sai maganar kyauta, wadda ita ce ke kashe irin wannan takarda. Kowa zai ce, "Haba, ni ma sai na saya?" Ka yanke adadin na kyauta tun farko ka rubuta: alƙalan wasa, kocin gida da na baƙi, masu talla, mai unguwa, da ɗaya na ajiya. Bayan waɗannan kowa ya biya. Ka roƙi shugaban magoya baya ya zama shi ne mai saye na farko, a bakin ƙofa, a gaban jama'a. Ranar da namu ya zaro kuɗi ya sayi biyar ya raba wa yaran da ke leƙe ta katanga, babu wanda ya sake neman kyauta.

9. Ranar wasa

Masu sayarwa su isa fili awa ɗaya da rabi kafin a take wasa. Ka zaɓi matasa masu fara'a da baki, ka sa musu riga iri ɗaya. Kowa a ƙirga masa ashirin ya sa hannu, sai ya kawo kuɗinsu a ƙara masa wasu. Kada a sa ƙananan yara riƙon kuɗi cikin cunkoso.

Wurin tsayawa: kafin teburin tikiti, ba bayansa ba, lokacin da kuɗin mutum yake hannunsa. Ɗaya a inda ake ajiye babura, ɗaya a ɓangaren baƙi. Baƙi suna saye sosai idan sun ga an rubuta sunayen yaransu daidai an kuma yi musu maraba.

Kiran ciniki kada ya zama "ga furogiram". A faɗi abin da ke ciki: "Ga sunayen 'yan wasa da lambobinsu! Ga hirar tsohon gola!" A riƙe ɗaya a buɗe a tsakiya. Mai sanarwa kuma idan zai karanta sha ɗayan farko ya ce, "Masu takarda ku buɗe tsakiya ku yi maki." Wanda ba shi da ita zai ga na kusa da shi yana yi. Hutun rabin lokaci shi ne zagaye na biyu, a bi layi-layi. Ga masu cewa babu tsabar kuɗi, a buga lambar asusun ƙungiyar magoya baya a bango, ba asusun wani mutum ba, kuma mai sayarwa ya ga shaidar shigar kuɗi wajen ma'aji kafin ya miƙa.

Idan hadari ya haɗo, kaya su koma leda nan da nan. Idan aka ɗage wasa, kada ka zubar: a buga ƙaramar takarda mai sabuwar rana a liƙa a kan tsohuwar.

10. Bayan an tashi

A wurin za a yi lissafi, kafin Magariba, mutum uku suna zaune: nawa aka buga, nawa aka bayar kyauta, nawa aka sayar, nawa suka rage. A biya masu sayarwa ladansu nan take. A rubuta a littafi har da yanayin ranar: da wa aka buga, an yi ruwa ko ba a yi ba, ya ci karo da babban wasan Turai ko biki a unguwa. Bayan wasa biyar littafin nan da kansa zai riƙa gaya maka nawa za ka buga.

Sannan a buga lissafin a fitowa ta gaba, layi uku a ƙasan shafi na bakwai: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka yi da ribar. Mutanenmu sun sha ba da kuɗin ƙungiya ba su ga inda ya shiga ba. Ranar da muka rubuta cewa ribar fitowa huɗu ce ta sayi ragar gola da akwatin magani, kuma ga ragar a rataye kowa yana gani, masu rajista suka ƙaru ba tare da mun roƙi kowa ba.

Idan ciniki ya ja baya, ka duba abu uku kafin ka rage farashi: ko bango ya daina canza fuska, ko sunaye sun fara fita da kuskure, ko an tsallake wani wasa ba a fito ba. Tsallakewar ta fi illa. Lokacin da ƙungiya ke shan kashi mutane sukan ragu, to ka sauko zuwa shafi huɗu da kwafi hamsin, amma ka fito.

Ragowar kada a sayar wa masu ƙunshi. A ware biyar daga kowace fitowa a ajiye a leda cikin akwati, nesa da gara da danshi. Sauran a kai makarantun firamare da na sakandare na unguwa, yara suna karanta Hausa da su. A ƙarshen kaka a haɗa cikakken jeri, daga wasan farko zuwa na ƙarshe, a kai wa mai ɗinkin littafi ya yi masa bango mai kauri: ɗaya na ofishin ƙungiya, ɗaya na koci, sauran a sayar wa 'yan wasa da iyayensu. Ka fara karɓar sunayen masu so tun saura wasa uku a rufe kaka, don ka san jeri nawa za ka haɗa.